Yadda Ake Sayar da Illela ga Masu Buga Littafi

Kai marubuci ɗan Illela ta bakin iyakar Nijar, share hawayenka. Masu buga littattafai na manyan birane sun farka sun gano cewa ba a Kano kaɗai ake haihuwar Bahaushe ba. Yanzu neman "muryoyin da ba a saba ji ba" suke yi ruwa a jallo, kuma muryar nan kai ne. Bi matakan nan, na yi maka alkawari za a buga ka, a manna hotonka a bangon littafi, a kira ka taro har a ajiye maka ruwan gora. Na gwada su a kan ɗalibina Sahabi, ga littafinsa can a ɗakunan karatu har Abuja.

1. Nemo mutumin kirki

Sahabi ya zaɓi baffansa Lauwali, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa. Baffa ɗinkin buhunan albasa yake yi a kasuwa. Daga basilla sai zare sai rediyo, sai raha da direbobin Ƙonni. Ba ya tsallaka iyaka sai gaisuwar mutuwa ko suna, kuma bai mallaki komai a duniya ba sai sunansa mai kyau. Da wannan sunan ma zai je nema wa Sahabi auren Humaira. Sahabi ya rubuta shi tsaf, har yadda yake lasar zare kafin ya zura, da yadda yake cewa "to, madalla" ko da labarin gobara aka kawo masa. Ni da na karanta sai da na yi ƙwalla. Kada ka damu, irin wannan kuskuren yana gyaruwa.

2. Saurari edita

Edita zai ce maka, "Rubutu ya yi kyau, amma ba mu ji ƙamshin boda ba. Wannan tsohon ai ko a Wudil akwai irinsa." Kada ka yi musu. Mutumin bai taɓa wuce Gusau ba, saboda haka ya fi ka sanin Illela. Kai zama a cikinta ya ɓata maka ido.

3. Zuba ƙamshin boda

Bar albasar a saman buhu, ka cusa abin da kwastan ke nema a ƙasa. Jera wa tsohon jarkokin fetur a bayan rumfa. Ba shi babur mai gudu, ko da keke bai iya ba. Barbaɗa "sefa" a kowane shafi kamar yaji a tsire. Sannan ka share makarantar Islamiyya, da gidan kallon ƙwallo, da matan da ke dawowa daga awo. Waɗannan kowane gari yana da su, kuma ba wanda zai buga littafi don a gaya masa cewa ku ma mutane ne kamar kowa.

A bangon littafin kuwa a zana raƙumi. Ban ce akwai raƙumi a labarin ba, na ce a zana.

4. Canja suna ka yi barci

Sahabi ya mayar da Lauwali Dabo. Lasar zare da "madalla" kuwa edita ya ce kada a taɓa, su ne gishirin littafin. Idan zuciyarka ta fara sosuwa, tuna abin da editan ya faɗa: "Mutanenku ai kasuwanci suka sa gaba, ba karatu ba." Mai ilimi ne ya faɗa, riƙe shi da hannu biyu.

5. Je taro

Naɗa rawani, ko da ba ka taɓa naɗawa ba. In aka miƙo maka lasifika, dafa ƙirji ka ce ka zo ne ka ba marasa murya murya. Za a tafa. Kada ka ambaci cewa muryar Baffa tana kaiwa ƙarshen kasuwa ba lasifika.

6. Manta da Shafa'atu

Akwai wata mata a garin Araba, nan kusa da Illela, mai suna Shafa'atu. Duk littafin Hausa da ya shigo hannunta sai ta karanta shi a waya da murya mai daɗi, masu shagon caji su loda wa jama'a. Ni ban san da ita ba, edita ma haka. Kafin Sahabi ya warware rawani, ana sauraron Dabo a madafi, da teburin 'yan canji, da kunnen 'yan kabu-kabu. Ana zuwa wurin lasar zare kowa ya ce, "Lauwali!"

Sai baƙin fuska suka fara tsayawa a rumfar Baffa, suna rage murya suna tambayar nawa yake tsallakar da jarka. Shi kuwa bawan Allah ya ce "to, madalla," ya nuna musu gidan mai.

7. Tura shi neman aure

Baffa ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi wurin Malam Attahiru, mahaifin Humaira. Aka gaisa, aka kawo ruwa. Malam ya sunkuyar da kai ya ce, "Lauwali, mu dai da kirki munka san ka. Amma ɗanka na ya rubuta, kuma an buga. A ba mu lokaci mu bincika."

Baffa ya dawo rumfa ya sa aka kunna masa karatun Shafa'atu. Ya saurara har ƙarshe yana ɗinki. Sannan ya aika a kira Sahabi.

"Sahabi, wanga Dabo, ni na?"

"Baffa, ƙagaggen labari na."

"Lasar zaren tawa ta, na ji ta. Fetur ɗin hwa, na wa na?"

"Cewa sunka yi in ban sa ba, ba su bugawa."

"Da hwarko mi ka rubuta?"

"Kai na rubuta, Baffa. Yadda kake."

Tsohon ya ajiye basilla a kan buhun da ke gabansa. Ransa ya ɓaci ƙwarai, kuma ba ɓoyewa ya yi ba.

"To ashe ni ba a buga ni ba," in ji shi. "Ɓarawo anka buga, anka aza mashi bakina. Tashi ka tai ka gaya ma Malam hakanan. Ni ban da hwuskar komawa."

Idan ka iso nan, barka, ka zama muryar bakin iyaka.

Hattara

Alkawarin bugawa na yi, kuma an buga. Ban yi alkawarin aure ba, ban kuma ce baffanka zai ci gaba da amsa gaisuwarka ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa dangi, shi da edita, ni ba ruwana. Mai ƙorafi kada ya zo yau, ina da aiki: edita ya bugo yana son littafi na biyu, wai ya ji Sahabi yana da gwaggo mai sayar da fura.