Yadda Za Ka Ɓoye wa Surukinka Taya Mai Sanƙo

Surukinka tsohon direban babbar mota ne, kuma zai zo ya yi mako guda a gidanka. Matarka ta riga ta gaya maka: in ya ga tayoyin da kake kai jikokinsa makaranta a kansu, makullin motar zai karɓe. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin asirinka a rufe yake.

1. Fara da zuciyarka

Daina cewa tayar ta cinye. Gogewa ta yi. Masu son tsoratar da kai za su ce ramukan zanen nan su ke kore ruwa daga ƙarƙashin taya, in babu su sai mota ta yi iyo a kan kwalta. To, iyo laifi ne?

2. Kada ka ba mai faci fuska

Zai durƙusa ya shafa ta kamar likita. "Yallaɓai, wannan tsakiyarta ta suɗe, iska kake cika mata. Waccan gefe ɗaya take ci, ƙafar motar ta karkace. Ta bayan nan kuwa har waya ta fara leƙowa."

Ka ce, "Aiki na kawo maka, ba wa'azi na zo ji ba."

3. Raba tayoyin gida biyu

Biyu masu ɗan sauran rai a mayar da su gefen da baƙo ke shiga. Masu sanƙon su koma gefenka. Mai faci zai ce motar za ta riƙa fizga in ka taka birki. Tuna masa cewa don haka aka yi sitiyari.

4. Jingina da katanga

Matse gefen sanƙon da bango yadda ko kyanwa ba za ta ratsa ba. Kai ma ta ƙofar fasinja za ka riƙa fita. In an tambaya, ka ce motsa jiki kake yi.

5. Kwashe ashanar gidan

Tsofaffin direbobi da tsinken ashana suke gwaji. Sai su cusa kan ashanar a ramin zanen tayar, in kan bai nutse ba, tayar ta gama aiki. Kada ka bar ko tsinke ɗaya.

Matarka za ta leƙo daga kicin: "Baban yara, da me zan kunna wuta?"

"Ki ɗebo a maƙwabta. Zumunci ne."

6. In aka wayi gari da ruwa

Zai ce, "Mu je in ga makarantar 'yan jikokin nan nawa." Yi maza ka buɗe masa ƙofa ta gefe mai kyau. Tuƙa a hankali, ka riƙa jan shi da hira. A ƙofar makaranta ka taka birki. Motar ba za ta tsaya ba. Za ta wuce gida uku tana karkaɗa gindi, sannan ta juyo tana kallon inda kuka fito.

Ka ce, "Baba, titin ne."

Daga kujerar baya za ka ji yaran suna tafi. "Kaka, ka gani? Kullum in an yi ruwa haka Baba yake mana! Rannan har sau biyu muka juya!"

7. Miƙa makulli da hannu biyu

Ba zai yi faɗa ba. Zai fita cikin ruwan, ya zagaya, ya duba ba tare da ya sunkuya ba, ya dawo ya buɗe tafin hannunsa.

"Ka dai iya tafiyar ƙasa ko?"

"Na iya, Baba."

"Madalla. Ɗaga ƙafar in ga ƙasan takalmin."

Gargaɗi: duk abin da ya biyo baya, lambatu ne, asibiti ne, ko kallon da matarka za ta yi maka, tsakaninka ne da tayoyinka. Ban san ka ba, ban taɓa ganin motarka ba. In ka hange ni a bakin titi ma, kada ka rage mini hanya.