Takalmin Mai Hatimi a Gonar Babana

Jiya na dawo daga Talata Mafara a bayan motar albasa, da takarda a aljihu, ina ta jinjina ilimin manyanmu, Allah ya ƙara musu kujeru masu juyawa.

Tun da dam ɗin Bakolori ya cika, ruwa ya haɗiye gonar da babana ya bar mini a gefen Dosara. Aka ce duk wanda ya kawo takardar shaida mai hatimi za a yanka masa fili a gonakin noman rani. Ina da baki tara a gida, don haka ban tsaya wasa ba.

Ranka-ya-daɗe na Mafara, jami'in rabon filayen, ya ce hatiminsa ba ya hawa kan gonar da take ƙasar Maradun. Surukina Sanusi ya ce in je Bakura, can akwai wani bawan Allah da ko takardar ƙosai ka miƙa masa zai buga mata. Ya kuwa buga, har sau biyu. Na komo Mafara aka ce hatimin Bakura zagayayye ne, su mai kusurwa huɗu suka sani.

Na nufi Maradun raina a ɓace. Mai hatimin can dattijo ne mai tsoron Allah, abin da ya ƙara dagula lamarin ke nan. Ya ce tun zamanin ubangidansa ba a shaidar gona sai ya taka ta da ƙafarsa, maƙwabta sun nuna iyaka. Na ce gonar tana ƙarƙashin ruwa. Ya ce ƙa'ida ba ta ce banda ruwa ba.

Haka muka shiga kwalekwale, ni da shi da maƙwabtana Barau da Ɗantani. A tsakiyar ruwa Barau ya miƙe, ya nuna wani kumfa, ya rantse nan tsamiyarsa take, wai na ci masa kunya uku daga gonarsa. Shekara ashirin muna wannan rigima, ashe ko dam bai kashe ta ba. Sai da mai tuƙi ya ce zai kifar da mu sannan muka zauna.

Dattijo ya leƙa ruwan, ya ga babu wurin sa ƙafa. Sai ya cire takalminsa na dama, ya ɗaure a bakin gora, ya zura har ta taɓa ƙasa. Gora ta fito, takalmi ya zauna a laka. Ya rubuta cewa ran Laraba an taka gonar a gaban shaidu biyu, ya buga hatimi mai kusurwa huɗu. Wallahi har ƙwalla na yi don murna.

Jiya na miƙa wa Ranka-ya-daɗe na Mafara. Ya karanta, ya yaba rubutun, ya dube ni ta saman tabarau.

"Malam, wagga takarda ba ta da aibi ko ɗaya. Amma ta ce shekaranjiya anka taka gonarka."

"Haka na, ranka ya daɗe."

"To gonar da anka taka shekaranjiya, ina ruwa ya ci ta? Fili na waɗanda sunka rasa na. Koma ka yi shuka, damina ta kusa."

Ban yi musu ba, hatimi ba ya ƙarya. Yanzu dai a hukumance ni manomi ne mai gona lafiyayya. Mai karatu, in ka san inda ake sayar da irin geron da ya iya iyo, ka taimaka ka aiko mini.