Ranar da Malam Ƙamus Ya Ba Bunsuru Sufeto

Ku matso ku ji labarin Malam Ƙamus, gwanin da Turanci da kansa ke durƙusawa ya gaishe shi da safe. Masu cewa yabon kai jahilci ne ba su taɓa jin Malam yana yabon kansa da Turanci ba.

Gonarsa kalmomi biyu ce, "to" da "for", shekara goma yana nomansu. Yakan tsaya gaban allo, alli a bayan kunne, ya ce wa ɗalibai:

"Hausa talaka ce. 'Na sayar masa', shi ya saya ne, ko aikensa ka yi? Bature kuwa ya raba gardama: 'to' ta wanda aka ba ce, 'for' ta wanda aka yi dominsa. Abin da aka bayar ya shige gaba, 'to' ta biyo, sannan mai karɓa. In mai karɓa ya riga shiga, 'to' ta zauna a gida."

A gidan ma ba a tsira ba. In matarsa ta ce ya miƙo mata wuƙa, sai ya tambaya "to" ce ko "for". Ta gaji, ta koma miƙa wa kanta.

Ana nan sai shugaban sashen Turanci ya yi ritaya. Aka ce sufeto zai zo ya zaɓi magaji, tsakanin Malam da wata malama mai sanyin murya. Tun kafin a yi hadari Malam ya tara bokiti: ya sa kafinta ya sassaƙa masa allon ƙofa, da sunansa da sabon muƙami.

Ranar zuwan sufeto, makaranta ta tanadi bunsurun da za a ba shi kyauta. Malam ya rantse ba mai miƙa shi sai shi. Ya kama igiya, ya gyara murya. Don girmamawa ya sa sufeto a gaba, amma "to" ta ƙi zaman gida.

"We give the Inspector to the goat!"

Sai ɗalibai, da yake sun sha horo, suka amsa baki ɗaya:

"Abin da aka bayar, sufeto! Mai karɓa, bunsuru!"

Shi kuwa bunsuru ba ya raina kyauta. Nan take ya kama gefen rigar sufeto ya shiga tauna.

Bayan mako guda takarda ta fito, an ba malamar kujera. Matar Malam ta saurari labari, ta jinjina kai.

"Maigida, ashe kujerar 'for' ɗinka ce, amma 'to' ɗin malama."

Allon ƙofar dai bai yi asara ba. A kansa matar Malam take yanka albasa.