Maganin Ƙarin Jini Na Jiran Hoton Mai Girma

Jiya na raka matar jikana awon ciki, don yarinyar ta fara ba ni tsoro. Idonta fari fat, in ta miƙe tsaye sai jiri ya kwashe ta. Ga shi cikin fari ne, jama'a.

Malamar asibiti ta gwale mata ido, ta duba tafin hannunta, ta ce jininta ya yi ƙasa. Sai ta riƙa shan ƙwayoyin ƙarin jini da 'yan ƙananan nan masu gina jikin jariri, in ba so muke a haifo mana ɗa kamar ɗan tsako ba.

Na ce, "To, 'yar nan, ba mu mana."

Ta nuna min kwalaye jibge a bayan ƙofa, sun kusa taɓo silin. "Ga su nan, Kaka, amma ba a manna musu hoto ba."

"Hoton wa?"

"Na Mai Girma. An ce kada ƙwaya ɗaya ta fita sai da fuskarsa a jikin kwali. An buga na farko, ya ce an ƙara masa tumbi, aka mayar."

Kun ji shugaba mai tsantseni. Allah ya ja zamanin Uban Masu Juna Biyu, Garkuwan Jarirai. Da wani ne, haka zai bar mata su yi ta haɗiyar magani ba su san wanda za su gode wa ba.

Maƙwabciyarmu mai kitso na zaune kan benci, cikinta ya yi gaba. Ta ce ita tun tana laulayi ake ce mata hoto na hanya, yanzu ko yatsun ƙafarta ba ta hangowa. Na ce ta lallaɓa na cikin, ya dakata da girma sai an rage tumbi.

Ni dai na gyara zanina, na zauna daram kan kwali guda, na ce zan taya su jira. Na soma ba malamar labarin haihuwata ta fari, tun daga ciwon mara, ban tsallake komai ba. Ina shiga ta biyu ta ce in ɗaga. Ta farke kwalin, ta ba mu namu, ta ba mai kitso nata.

"Ku tafi, Kaka, don girman Allah."

Yau da safe yarinya ta haɗiyi ta farko a gabana. Damuwata ɗaya ce: in yaron nan ya zo ɓul-ɓul, ya tashi bai san fuskar mai alheri ba, ku shaida laifina ne. Iyayensa ba ruwansu.