Ɗakin Baiwa a Kwamfuta

"...Lafiya lau, sai dai ganinka da safe ba alheri ba ne."

Malama Zulaiha ce ke amsa gaisuwar Abdulhamid, ɗan kawunta, mai kula da kwamfutocin makarantar da take koyarwa a Sabon Layi. Jiya ya sake tsari: kowane malami ya sa sunansa da fasuwod, sai foldarsa ta buɗe masa shi kaɗai. Ita kuwa ta sa nata ta tarar wayam, ga shi ƙarfe sha biyu shugabar makaranta za ta karɓi tambayoyin jarrabawar da ta kwana uku tana bugawa. Hankalinta ya tashi, amma ko za ta mutu ba za ta bari taubashi ya gani ba.

"Ina aikina, ɓarawon bayan gida?"

"Yana ɗakinki. Kowa na yanka masa ɗaki na ba shi makulli."

"Ɗakin da ko tsintsiya babu?"

"Wane suna kika sa?"

"Wanda aka yanka mini rago da shi."

"To shi ya sa. Kwamfuta ba ta cin naman suna, asali take bi. Ni ɗan namiji, ke 'yar mace. Rubuta baiwa."

"Allah ya tsari gatari da saran shuka! Ni?"

"Sha ɗaya da rabi yanzu."

"Kai da aka haifa ina goya ka kana jiƙa mini zane?"

"Ai aikin bayi ke nan tun fil azal. Sha ɗaya da minti talatin da biyu."

Ta dubi agogo, ta dube shi. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Da yatsa ɗaya ta buga haruffan nan biyar tana ƙwafa, ta sa fasuwod. Folda ta buɗe, tambayoyinta cif, ko ɗaya bai ɓata ba. Sai dai a ƙasansu akwai wani baƙon abu da gwanin ya jefo cikin gaggawar kwashe kaya jiya.

"Ubangida," ta ce da murya mai sanyi, "baiwa ai shara ce aikinta ko?"

"Yanzu kika yi hankali."

"To na share ɗakina, ga abin da na tsinta. 'Zuwa ga Sadiya, hasken Sahuda, tun da na gan ki tuwo ya daina mini daɗi...'"

Abdulhamid ya zaburo har kujera ta kife.

"Rufe! Wannan ba naki ba ne!"

"Kai ka ce kowa da ɗakinsa. Ashe shi ya sa jiya ka cinye malmala uku a gidanmu, don ba daɗi."

"Zan goge daga wajena."

"Goge. Na riga na haddace, kuma ofishin malamai a cike yake."

"Yaya Zulaiha..."

"Yau kuma yaya? Ina baiwar?"

"Na 'yanta ta."

"A rubuce."

Ya jawo kujera ya zauna, ya goge baiwa.

"Me zan sa?"

"Uwar ɗakin Abdulhamid."

"Ya yi tsawo, ba zai shiga ba."

"'Hasken Sahuda' ma ai ya shiga."

Ya fashe da dariya ya buga, sannan ya buɗe durowa ya miƙo mata ƙunshin kilishin da ya ɓoye tun safe.

Ta ɗaga shi tana jinjinawa. "Na Sadiya ne?"

"Da nata ne."

"To ka gaya mata ɓera ya cinye. Tashi ka buga mini tambayoyina a takarda, saura minti goma."