Rasuwar Madubin da Ya Haɗa Ni da Surukina

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ya fi baƙin cikin yawa, ni Sa'adu mai albasa na Taloka nike sanar da rasuwar madubina na hangen nesa, wanda na sayo wurin 'yan gwanjo a kasuwar Goronyo.

Marigayin ba ya cin batir, ba ya neman caji. In anka murza tsakiyarsa sai ya ce ƙiris-ƙiris, ya jawo gonata ta ƙetaren gulbi har gaban hancina. Iyakar alherinsa ke nan.

Ciwon ajalinsa ya soma ne da wani jaki ya riƙa tattake mini irin albasa. Jakin maƙwabcina Haliru zanen lalas biyu gare shi a cinya, dab da juna. Na surukina Baba Atiku, ɗaya. Marigayin ya nuna jaki, zanen kuwa dishi-dishi. Na kai madubin wurin Maccido mai gyaran agogo, wanda ya ce tsoho in yana son gani ƙanƙance ido yake yi. Ya liƙe idanun marigayin da baƙar leda, ya huda kafa kamar ƙwayar gero. Na duba, na ga zane ɗaya mai kauri. Na tafi gaban mai gari na rantse jakin Baba Atiku ne. Ashe tun kafin ɓarnar jakin nasa yana ɗaure a turke da ciwon kofato.

Malam Yazid mai koyar da kimiyya a Wurno ya duba gawar. Ya ce haske kamar ruwan ban ruwa yake, in ya bi ta matsattsiyar kafa sai ya bazu, abu biyu na kusa da juna su narke su koma ɗaya. Wai ko da lafiyarsa, idon marigayin ya yi ƙanƙanta ga wannan nisa, ƙara girma daban, rarrabewa daban. To amfaninsa mi? Tun asali maƙaryaci ne, Maccido ƙara masa ƙarya ya yi.

Marigayin ya cika ranar Talata, bayan gajeriyar ganawa da taɓarya.

Ya bar igiyar rataya, da murfi ɗaya, da ni, ina tuƙa wa kaina tuwo, don matata Turai tana gidan ubanta tun ranar rantsuwar.

Za a binne shi ranar Juma'a bayan la'asar a ƙofar gidan Baba Atiku, in ya yarda ya fito. Ba a karɓar ta'aziyya. Dattijon da zai zo, ya zo da bakin biko. Maccido kada ya zo.