Kwamfutar da Na Haɗa da Hannuna

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka ƙaddamar da sabuwar kwamfutar makarantarmu ba. Ko da na so in manta ma, mutanen Bodinga ba za su bar ni ba.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandaren al'umma. An ɗora mini darasin kwamfuta ne kawai don na taɓa dawo wa shugaban makarantar, Malam Garba, da lambobin wayarsa da suka ɓace. Daga ranar ya fara kirana Injiniya, malamai suka ɗauka, ɗalibai suka ɗauka, ni kuma (Allah ya yafe mini) ban taɓa cewa a daina ba.

Tsohuwar kwamfutarmu bairos, wato cutar kwamfuta, shi ne ya kashe ta. Kowa ya zo da filashinsa sai ya soka mata, har ta kai in ka kunna ta da safe sai ka je ka karya kumallo ka dawo kafin ta farka. Shekarar da albasa ta yi kyau, ƙungiyar iyaye ta yarda a sayo sabuwa. A wurin taron ne na miƙe tsaye, na gyara hula, na ce ba sai an sayo haɗaɗɗiya ba. Ni zan sayo kayan ɗaya bayan ɗaya in haɗa ta da hannuna. Kuma ba manhajar da kowa ya saba da ita zan sa mata ba, wata zan sa da ake kira Linuks, wadda kyauta ce, bairos bai cika damunta ba, kuma manyan masana ne ke aiki da ita. (Duk ilimina a kanta bai wuce bidiyon da nake kallo a waya bayan la'asar ba.)

Malam Garba ya dube ni ta saman tabarau.

"Injiniya, ka tabbata? Mu dai abin da munka sani shi ne a kunna ta yi aiki."

"Ranka shi daɗe," na ce, "ai wagga in anka kunna ta, sai an roƙe ta kahin ta tsaya."

Aka yi dariya, aka tafa mini. Na zauna ina jin kaina kamar na riga na gama.

Ranar Asabar na hau mota zuwa Sakkwato, na shiga shagon wani mai sayar da kayan kwamfuta. Na gaya masa Linuks zan sa. Ya ce bai taɓa jin ta ba, amma daga ganina ya san babban injiniya ne ya shigo. Wannan magana ita ta gama da ni. Na dinga zaɓen kaya kamar mai zaɓen shaddar Sallah: wanda ya fi ƙyalli shi nake nunawa. Na ɗauki katin hoto, wato abin da ke fitar da hoto a allo, mai fanka uku, sabo fil, mai fitilu ja da kore da shuɗi. Na ɗauki furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, irin wadda ba ta fitar da hoto da kanta, don a cewar mai shago wanda ke da kati irin nawa ba ya buƙatar haka. Na ƙara da ɗan mitsitsin abin kama waifai, bai kai kan yatsa ba, don kawai ƙanƙantarsa ta burge ni.

Ga abin da ya kamata in yi tunani a kai. Kowane kaya da ke cikin kwamfuta yana da wata 'yar manhaja da ke yi masa tafinta da babbar manhajar, ana ce mata direba. Kayan da ke kasuwa kusan duk an yi su ne da tunanin manhajar da kowa ke amfani da ita. A Linuks kuwa, wasu kayan tana gane su nan take, wasu sai ka sauko da direbansu daga intanet, wasu kuma sai ka yi ta fama. Akwai shafuka da mutane ke rubuta wane kaya ne ya yi musu aiki, wane ne ya ƙi. Na san da shafukan. Ban duba ba, don a ganina tambaya ta ɗalibai ce.

Matsala ta farko, katin ya fi akwatin kwamfutar tsawo. Na kai akwatin wajen mai walda ya yanke mini wani ƙarfe a ciki, katin ya shiga da ƙyar. Na haɗa sauran, na danna maɓalli. Wayyo daɗi! Fankoki suka tashi, fitilu suka shiga rawa, ɗakin malamai ya koma kamar shagon mai kayan biki. Na loda Linuks daga filashi, hoton yana ɗan dishi-dishi amma ta shiga. Na kashe, na sake kunnawa.

Baƙi ƙirin. Sai wani ɗan farin layi a kusurwar allo yana ƙyafta mini ido.

Na yi ta bincike a waya har na gano cewa katin nawa sabo ne ƙwarai, sai na sauko da direbansa. Don in sauko da shi sai na shiga intanet. Don in shiga intanet sai ɗan abin waifai ya yi aiki. Shi kuma Linuks ba ta ma san an soka shi ba, direbansa yana intanet. Na ce to bari in cire katin gaba ɗaya, sai na tuna furosesar da na zaɓa da hannuna ba ta fitar da hoto. Na zauna na zuba wa akwatin ido, shi kuma yana ta canza launi.

Malam Garba ya leƙo ya tambayi yadda ake ciki. Na ce komai lafiya, 'yar matsalar direba ce kawai.

"In direba ne, ga Sani mai motar makaranta zaune bai aikin komi," in ji shi.

Na yi dariya tare da shi. A lokacin an riga an sa ranar buɗewa, an gayyaci wakilin hakimi da iyayen yara. Mafi muni, ni da bakina na kira surukina, mahaifin matata Nana, daga Horo Birni ta ƙasar Shagari, na ce lallai ya zo. Baba manomi ne mai shanu, kuma tun da na auri 'yarsa yake kallona a matsayin mutumin kirki wanda ba a ganin aikinsa da ido. Ba rumbu, ba garke, sai alli a hannun riga. Na so ya ga abin da hannuna ya ƙera.

Ana gobe taro na koma gida na zayyana wa Nana komai. Ta ce, "Malam, ka hwaɗa musu gaskiya mana. A ɗaga ranar."

Na ce mata ba ta san sha'anin aikin gwamnati ba. (Makarantar ma ba ta gwamnati ba ce.) Na roƙe ta aron laftof ɗinta da take karatun jinya da ita, wadda Baba ya sayar da bijimi ya saya mata. Ta ba ni tana girgiza kai. Na sa hoton tsuntsun nan na Linuks, mai kama da agwagwa a tsaye, a fuskar allon, don ta yi kama da abin da na yi alkawari.

Da safe na riga kowa zuwa zauren taro. Na ɗora laftof a kan kwali a ƙarƙashin tebur, na jona ta da majigi, na zaro wayar linzami da ta allon rubutu zuwa sama, na lulluɓe teburin da babban mayafi har ƙasa. Sabuwar kwamfutar kuwa na ɗora ta a sama, na jona mata wuta kawai. Aikinta ta yi iska ta yi ƙyalli.

Zaure ya cika. Wakilin hakimi a gaba, Baba kusa da shi cikin farar babbar riga, iyaye a baya, ɗalibai a tagogi. Aka tayar da janareta, aka yi addu'a, aka ce Injiniya bismilla. Na danna maɓallin babban akwatin, fankoki suka tashi, na cire murfin majigi, tsuntsu ya bayyana a bango. Na rubuta maraba da sarautar wakili da manyan baƙaƙe. Zaure ya ɗauki tafi. Na saci kallon Baba, na ga yana gyaɗa kai a hankali. Wallahi a lokacin har na fara yarda cewa ni na yi.

Daɗi ya kwashe ni. Na shiga kushe manhajar da kowa ya saba da ita, na ce ta ragwaye ce, ba za ta iya rabin abin da suke gani a bangon nan ba. (Ita ce suke gani a bangon.)

Daga nan shugaban ƙungiyar iyaye ya karɓi lasifika. Mutum ne da in ya fara godiya sai ya gode wa kowa da sunan kakansa. Na tsaya gefen tebur, fuskata ga jama'a, bayana ga bango, hannuwa a harɗe, ina murmushin wanda ya gama aikinsa. Abin da ban sani ba shi ne Nana ta saita laftof ɗinta yadda in an jima ba a taɓa ta ba, sai ta fara nuna hotunan gida ɗaya bayan ɗaya.

Na ji mata a baya suna cewa "Masha Allah, tubarkalla." Ashe hoton jaririyarmu ne. Na ɗauka da ni suke, na ɗan sunkuyar da kai. Can sai dariya ta ɓarke daga tagogi, ta ratso cikin iyaye. Na zaci shugaban ne ya yi barkwanci, ni ma na yi dariya, har da tafa hannu. Sai na ga Malam Garba ya cire tabarau yana nuna mini bayana da haɓa.

Na juya.

Ni ne. Ni, cike da bango, daga rufi har ƙasa. Zaune a kan tabarma da singileti, ɗaure da zanin Nana mai furanni, ƙafafuna biyu a cikin baƙar leda saboda lallen da ta ƙunsa mini na maganin kaushi. Tukunya a tsakanin gwiwoyina, ina kankarar ƙanzo da cokali, baki a buɗe.

Ban san lokacin da na daka tsalle na danne maɓallin babban akwatin ba. Fankoki suka tsaya, fitilu suka mutu. Hoton yana nan. Na fizge wayar wutar daga soket, na tsaya riƙe da ita a hannu a gaban kowa. Hoton ya canza zuwa na gaba: an kwance ledar, ga tafin ƙafafuna jajur, na ɗaga su ga mai ɗauka ina washe baki.

Wakilin hakimi ya dubi wayar da ke hannuna, ya dubi bango.

"Injiniya, wagga na'ura ko an kashe ta tana aiki?"

Wani malami daga baya, wanda har yau ban yafe masa ba, ya ce, "Ranka shi daɗe, Linuks ke nan!"

Na faɗa ƙarƙashin tebur don in rufe laftof ɗin. Hulata ta kama mayafin, ya zamo gaba ɗaya ya rufto a kaina, kofin ruwan baƙi ya biyo baya. Da na yaye shi, ga ni durƙushe, ga laftof a kan kwali tana ta aikinta, da ɗan hoton fure da Nana ta manna a murfin.

Baba ya sunkuyo ya duba da kyau.

"Wagga ba ta Nana ba ce?"

"Ita ce, Baba."

Daga nan ban san yadda aka rufe taron ba. Na dai tuna na miƙe na faɗi gaskiya: kayan da na sayo ba su dace da manhajar ba, laifina ne, kuma zan gyara. Malam Garba ya taimake ni ya ce a yi addu'ar tashi, liman kuma sai da ya tsaya sau da yawa yana gyara murya kafin ya kai fatiha.

Na raka Baba bakin titi inda zai hau motar Shagari. Ina bin sa a baya, kaina a ƙasa, ina jiran hukunci. Can motar ta zo ta tsaya. Ya sa ƙafa ɗaya ciki, sannan ya juyo.

"Malam."

"Na'am, Baba."

"Kaushin ya warke?"

"Ya warke, Baba."

Ya dubi nasa dugadugan.

"To, ka ce ma Nana ta aiko min da irin lallen."

Mako na gaba na zauna na karanta shafukan nan da na raina. Na koma Sakkwato na musanya katin mai fanka uku da wani tsoho na hannu, mummuna, ba fitila ko ɗaya, wanda mutane da yawa suka rubuta cewa Linuks na gane shi. Abin waifai ma na canza shi da wani mai eriya kamar ƙahon akuya. Na tafi da kwamfutar da filashina na gwada su a shagon kafin in fito. Ina kunna ta hoto ya fito tar. A nan ne kuma na gano cewa da tun farko na jona wayata da kwamfutar ta kebul, da na samu intanet na wuce wurin. Kwamfutar tana nan tana aiki har yau, ba tare da an gayyaci kowa ba.

Yanzu ko kebul zan saya, sai na bincika ko ya dace da abin da ke gida kafin in taɓa aljihu. A gida kuma, da na ga Nana ta ɗaga waya ta nufo ni, sai in tashi in sa riga.